Yadda za ka haɗa intanet ɗin ofis da zai tsaya ko igiyar teku ta tsinke

A ranar 14 ga Maris, 2024, igiyoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku, wato WACS da ACE da MainOne da SAT-3, suka tsinke kusan lokaci guda daura da gaɓar Kodebuwa. Daga Laberiya har Afirka ta Kudu an ji a jika, manhajojin bankuna suka riƙa sarƙewa, kuma gyaran ya ɗauki makonni. Wanda yake biyan kamfanonin intanet biyu yana ganin ya tsira, ranar ce ya gane cewa duka biyun a igiya ɗaya suke sayen hanya. Kamar gida ne mai ƙofa biyu da ke fita lungu ɗaya: idan aka toshe bakin lungun, yawan ƙofar bai amfana komai ba.

Wannan bayani na mai kula da intanet ɗin ofis ne, ko makaranta, ko asibiti, ko duk wurin da tsayawar sabis ke nufin tsayawar aiki. Abin da ake nema shi ne hanyoyi biyu da ba su haɗu a ko'ina ba, ɗaya ta ƙasa da teku, ɗaya ta sama ta tauraron ɗan'adam, da rauta, wato na'urar da ke raba intanet a ofis, mai sauyawa tsakaninsu da kanta.

Fara sanin inda datarka take bi

Daga kwamfutarka saƙo yana bin wayar faiba ta titi zuwa cibiyar kamfani, daga nan ya bi doguwar faiba ta ƙasa zuwa tashar da igiyar teku ta fito tudu, irin su Legas, Akara, Mombasa ko Jibuti, sannan ya shiga ruwa, yawanci zuwa Turai. Kafin 2009 ƙasashen gabashin Afirka irin su Kenya da Tanzaniya ba su da igiyar teku ko ɗaya, tauraron ɗan'adam kawai ake dogaro da shi, yamma kuma SAT-3 ce ke ɗauke da kusan kowa. SEACOM ta zo a 2009, MainOne da Glo-1 da EASSy a 2010, WACS da ACE a 2012. Equiano ta Google ta sauka Lome da Legas a 2022, sai 2Africa da Meta ke jagoranta, mai tsawon kusan kilomita 45,000, wadda ta zagaye nahiyar. Igiyoyi sun yawaita ƙwarai, amma da yawansu suna matsewa a wurare kaɗan masu haɗari: kwazazzabon teku na bakin Abijan, na bakin kogin Kwango inda zaftarewar laka ta yanke WACS da SAT-3 a 2020 da 2023, da kuma Bahar Maliya inda igiyoyi uku suka lalace a Fabrairun 2024. Mafi yawan tsinkewa a duniya anga ce ta jirgi ko komar masunta, amma zaftarewa ta fi muni domin tana ɗaukar igiyoyi da yawa a tashi ɗaya.

Idan kana ƙasar da ba ta da teku, kamar Nijar ko Chadi ko Mali, akwai ƙarin ɗaruruwan kilomita na faiba ta ƙasar maƙwabta kafin a kai ruwa, kuma motar gyaran hanya ta fi girgizar teku yawan yanke ta.

Saboda haka kafin ka sa hannu a takarda, yi wa kamfanin tambaya a rubuce: igiyoyin teku nawa yake da kaso a kai, mene ne sunayensu, kuma idan ɗaya ta tsinke, ragowar za su ɗauki dukan masu amfani ko rabinsu? Tambayi ko yana haɗe da cibiyar musayar intanet ta cikin gida, irin IXPN ta Najeriya ko KIXP ta Kenya, domin ta nan ne shafukan cikin ƙasa suke ci gaba da buɗewa ko da hanyar waje ta yanke. Duba kuma alƙawarin da ya ɗauka da lamba. Kashi 99.5 cikin ɗari yana nufin ya halatta wa kansa kusan awa 3 da rabi babu sabis a wata, 99.9 kuma kusan minti 43. Kamfanin da ya kasa faɗar sunan igiyar da yake bi, mai sayarwa ne daga hannun wani, sai ka nemi sunan wancan ɗin.

Kada ka tsaya ga maganar baki. Buɗe kwamfuta ka rubuta umarnin tracert a Windows, ko traceroute a Linux, tare da adireshin wata saba, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafuka a intanet, da ke Turai. Za ka ga jerin tashoshi da jinkirin kowace. Haske a cikin faiba yana cin kusan kilomita 200 a milisakan ɗaya, don haka kowane kilomita 1,000 yana ƙara milisakan 10 zuwa da dawowa. Layin da lamba ta yi tsalle daga 10 ko 15 zuwa kusan 100, nan ne aka shiga teku. Yi haka da layin kamfani na biyu. Idan sunayen tashoshin gab da tsallen iri ɗaya ne, hanya ɗaya ka saya sau biyu. Ajiye wannan sakamako, zai yi maka amfani ranar matsala.

Zaɓen tauraron ɗan'adam

Iri biyu ne a gabanka. Na nesa, masu tsayawa wuri ɗaya a kilomita 35,786 sama da ƙasa, irin NigComSat-1R da aka harba a 2011, jinkirinsu ya kai milisakan 600 saboda saƙo sai ya hau ya sauka sau biyu. Suna aika wasiƙa da fayil lafiya, amma kiran bidiyo yana wahala. Na kusa, irin Starlink, suna shawagi a kusan kilomita 500, jinkirinsu kan tsaya ƙasa da milisakan 60 idan akwai tashar ƙasa a kusa, ya kuma haura 100 idan sai an miƙa saƙon daga tauraro zuwa tauraro kafin ya sauka. Najeriya ce ƙasar Afirka ta farko da Starlink ta fara aiki, a Janairun 2023. Ga yawancin ofisoshi na kusa ne ya dace.

Abu biyu kafin ka saya. Tabbatar hukumar sadarwar ƙasarka ta ba kamfanin lasisi, domin akwai ƙasashen da ake kwace farantin karɓar siginar da aka shigo da shi ta bayan fage. Sannan duba taswirar kamfanin ko yankinka bai cika ba, don manyan birane irin Legas da Nairobi sun taɓa cika har aka dakatar da karɓar sababbin masu rajista.

Kafa farantin

Farantin Starlink yana bukatar sararin sama kusan digiri 110 babu abin da ya tare. Kafin ka huda bango, tsaya daidai wurin da wayarka ka yi amfani da ma'aunin shinge na cikin manhajar Starlink. Reshe ɗaya ko tankin ruwa ya isa ya riƙa yanke kira na daƙiƙa biyu ko uku duk bayan 'yan mintuna, domin taurarin wucewa suke yi, kowanne sai ya bi ta bayan reshen. Wanda ya ga gudu mai kyau a gwaji amma kira yana yankewa, shinge zai fara nema. Tuna kuma bishiyar da ba ta da ganye a rani za ta cika da damina.

Ɗaure sandar da kusoshi a jikin bulo ko ƙarfen rufi, kada ta yi rawa a iska. Bar sarari tsakanin farantin da kwanon rufi, domin an ƙera shi ya yi aiki zuwa digiri 50 na zafi, kwano kuma da tsakar rana yana wuce haka, sai ya rage gudu ko ya kashe kansa. Kada a rufe shi da keji na ƙarfe don tsoron ɓarayi, kulle sandar ta ƙasa ya fi. Ƙurar hunturu a share ta da tsumma mai laushi da ruwa. Ruwan sama mai ƙarfi yana raunana siginar na 'yan mintuna, wannan ba lalacewa ba ce.

Wayar da ke zuwa a kwali mita 15 ce, akwai ta mita 45 idan ginin dogo ne. Kada ka yanke ta ka haɗa da salatif. Kafin ta shiga bango, lanƙwasa ta ƙasa kaɗan yadda ruwa zai ɗiga waje maimakon ya bi ta zuwa cikin rauta. Sandar ƙarfen a haɗa ta da wayar tagulla mai kauri zuwa ƙarfen da aka kafa a ƙasa, domin tsawa ba sai ta faɗa kan farantin ba take ƙona kaya.

A ɓangaren faiba, siririyar wayar cikin ɗaki ba ta son lanƙwasa mai tsanani, kada da'irarta ta gaza santimita 3 daga tsakiya. Shiga shafin saitin akwatin faiba ka duba ƙarfin hasken da ke isowa: tsakanin -8 da -27 a ma'aunin dBm lafiya ne, idan ya kusa -27 a kira kamfani su duba mahaɗa tun kafin jar fitilar LOS, mai nuna yankewar haske, ta kunna.

Wuta

Farantin ofis yana cin wat 75 zuwa 100, ƙaraminsa Mini kuma 25 zuwa 40. Ƙara rauta da akwatin faiba, kusan wat 25. Jimla 125, sau awa 24, kilowat-awa 3 ke nan a yini. Batirin lithiyam mai bolt 24 da amfiya-awa 200 yana ɗaukar 4.8, ka iya cin kusan 4 a ciki, ya ishe ka kwana ɗaya. Batirin ruwa mai girma ɗaya rabinsa kawai za ka taɓa idan kana son ya yi ƙarko. Sola mai wat 800 zuwa 1,000 za ta mayar da abin da aka ci a rana mai awa 5 na haske mai ƙarfi. Kayan intanet su zauna a kan inbata kullum, ba a kan janareta kai tsaye ba, saboda farantin yana ɗaukar mintuna kafin ya sake kama taurari duk lokacin da wuta ta ƙifta.

Saitin rauta, inda aka fi yin kuskure

Kana bukatar rauta mai ƙofar shigowa biyu, irin MikroTik ko kwamfuta mai pfSense. Sa faiba a ta farko, Starlink a ta biyu, ka kunna tsarin da ke mayar da rautar Starlink mai miƙa hanya kawai, don kada a sami rauta biyu suna raba adireshi. Kula da karon lambobi: farantin Starlink yana zaune a 192.168.100.1, akwatunan faiba na Huawei da yawa su ma nan suke zaune. Canza na akwatin, kuma ka ba netwok ɗin cikin ofis jerin da ba kowa ke amfani da shi ba, kamar 10.20.0.0.

Rauta tana gane layi ya mutu ne ta hanyar aika ping, wato ɗan saƙon gwaji da ake jiran amsarsa, a kai a kai. Idan ka bar ta tana taɓa ƙofar kamfanin intanet ɗinka, wato tashar farko da layin ke isa, ba za ta taɓa sauyawa ba, domin ranar da igiya ta tsinke a teku ƙofar kamfanin tana nan lafiya tana amsawa. Ko 1.1.1.1 da 8.8.8.8 da kowa ke sawa ba su da tabbas a nan, saboda adireshi ne da ke amsawa daga sabar da ta fi kusa, wadda ta yiwu tana cikin ƙasarka. Zaɓi adireshi biyu da ka tabbatar da tracert cewa suna ƙetaren teku, mafi kyau ƙaramar sabar haya taka a Turai, kuma a sauya ne kawai idan duka biyun sun gaza.

Akwai wani abu kuma. Tsinkewar igiya ba ta cika kashe layi ɗungurungum ba. Kamfanoni suna tura kowa kan igiyar da ta rage, kamar yadda aka koma Equiano a 2024, sai layin ya zama yana raye amma a cunkushe, shafi yana juyawa ba ya buɗewa. Don haka a sa rauta ta auna asara da jinkiri: ping kowane daƙiƙa 5, idan asara ta wuce kashi 15 ko jinkiri ya haura milisakan 300 har tsawon minti ɗaya, ta koma sama. Kada ta dawo faiba sai layin ya yi minti 5 a tsaye, in ba haka ba za ta yi ta kai da kawo, kowane sauyi kuma yana yanke kira da zaman banki.

Sauyi yana canza adireshin da duniya ke ganin ofishinka da shi. Tsarin Starlink na gama-gari yana haɗa mutane da yawa a adireshi ɗaya, don haka kallon kyamarar tsaro daga waje ko shigowa sabar ofis ba zai yiwu ba, shafukan da suka amince da adireshinka kaɗai kuma za su rufe maka ƙofa. Maganinsa ramin WireGuard, wato keɓaɓɓiyar hanya ta cikin intanet, daga rautar ofis zuwa waccan sabar haya mai tsayayyen adireshi, yadda ko wane layi ake bi, fita ɗaya ce. Rubuta kuma doka a rauta: idan an koma tauraro, a taƙaita bidiyo da sabunta manhajoji, a ba manhajar aiki da kira fifiko.

Gwaji sau ɗaya a wata, a lokacin da ba a cika aiki ba. Zare wayar faiba shi ne gwaji mai sauƙi, amma bai kwaikwayi tsinkewar teku ba. Na gasken shi ne ka bar wayar a jone, ka toshe adireshin gwajin nan biyu a ƙofar faiba kaɗai, ka riƙe agogo. Idan rauta ta koma tauraro cikin minti ɗaya da rabi, ta kuma dawo bayan minti 5 da buɗewa, saitin ya yi. Idan ba ta motsa ba, duba ko ping ɗin yana zagayawa ta ƙofar Starlink yana samun amsa, sai ka ɗaure kowane gwaji a ƙofarsa.