Kurakuran da ɗaliban injiniyan lantarki suka fi yi

Babban kuskuren tun a shekarar farko ake tafka shi: ɗalibi ya ɗauki lissafi a matsayin darasin da za a ci jarrabawarsa a manta. Alhali kalkulas, da lambobin nan masu j (complex numbers), da dabarar Laplace ta sauƙaƙa lissafin da'ira, su ne za su tare masa hanya idan an shiga wutar AC (mai sauya alƙibla, irin ta gida) da injina. Wanda ya haddace amsoshin tambayoyin baya, da zarar an canza masa resista (abin rage gudun wuta) ɗaya sai ya tsaya cak. Gyaran shi ne a rufe littafi a warware tambaya tun daga tushe, ko da biyu ce a rana. A zana da'irar da hannu, a sa kibiyar da ke nuna inda wuta ta nufa, sannan a rubuta dokar Kirchhoff, wadda ke daidaita lissafin wuta da bolt a da'ira. Amsa ta fito da alamar ragi? Ba komai, wutar ta bi akasin kibiyar ne.

Kalkuleta ma tana kayar da mutane. Kafin jarrabawa a danna sin 30: idan ta ba da 0.5 tana kan digiri, idan ta ba da −0.988 tana kan radiyan, kuma duk kusurwar da aka lissafa a haka ta lalace.

Ana kuma manta cewa bolt 230 na AC ƙimar RMS ce, wato ma'aunin ƙarfin aikinta, ba ƙololuwarta ba. Ƙololuwarsa ta kai wajen bolt 325, wato an ninka da 1.414. Kafasita (abin tara cajin wuta) wadda iyakar juriyarta bolt 250 ce ba za ta kai labari a nan ba.

A ɗakin gwaji kuwa, warin ƙonewa yakan fito ne daga resistar da aka duba om ɗinta ba a duba wat ba. Om 100 a kan bolt 12 tana cin wat 1.44, ƙaramar da ake kafawa a allon gwaji kuwa rubu'in wat take ɗauka.

Sai mita, na'urar auna bolt da amfiya (yawan wutar da ke gudana). Bolt ana auna shi ne a gefe biyu na abin da ake so, amfiya kuwa sai an yanke layi an saka mitar a tsakani. Mai gaggawa yakan bar jar waya a ramin amfiya ya ɗora ta kan batir, nan take fiyus ɗin mitar ya tafi. Da an gama auna amfiya a mayar da wayar ramin bolt.