Yadda malamin bayoloji zai amsa tambayar asalin halitta a aji

A makarantun Jos, inda Musulmi da Kirista ke zama benci ɗaya, da wuya a gama darasin juyin halitta ba a sami ɗalibin da zai ce, "Malam, ba Allah ne ya halicce mu ba?" Kada ka gwale shi. Rubuta tambaya ɗaya a allo: wane gwaji ne zai iya ƙaryata wannan magana? Ma'aunin Karl Popper, masanin falsafar kimiyya, ke nan. Abin da gwaji zai iya rushewa, kimiyya ne. Imani da Mahalicci kuwa hurumin addini ne, ba a auna shi a ɗakin gwaji, kuma hakan bai rage masa daraja ba.

Daga nan sai misali na kusa kan yadda kimiyya ke awo: tsofaffin mutum-mutumin yumɓu na Nok da ke gidan tarihi na Jos. Ana gano shekarunsu ta gawayin da aka tono tare da su, domin sinadarin kabon-14 da ke cikin gawayin rabinsa ke ƙarewa duk shekara 5,730. Ka faɗi iyakar wannan awon ma. Ba ya aiki ga abin da ya haura kimanin shekara 50,000, kuma idan saiwar tsiro ta gauraya da samfurin, shekarun za su fito ƙasa da gaskiya.

Inda malamai ke tuntuɓe shi ne jera labarin halitta na addini da ka'idar Darwin ta juyin halitta kamar abokan takara. A 2005 wata kotun tarayya a Amurka ta hana wata hukumar makarantu yin haka a darasin kimiyya. Idan tambaya ta koma aƙida, ka haɗa ɗalibin da malamin addininsa.