Yadda za ka mayar wa gonarka abin da amfani ya ɗauke mata

Duk buhun masara ko gero da ya fita daga gona to da abincin ƙasa ya fita, musamman fosforas, wato lambar tsakiya a jikin buhun kamfa 15-15-15, shi ne kuma cikin sufa. Yuriya daga iska da gas ake yin ta amma fosforas haƙo shi ake daga dutse, mafi yawansa kuma a Maroko yake, can Najeriya ta riƙa sayowa bayan yarjejeniyar 2016. Akwai dutsen a Sakkwato da Tawa ma. Amma ni abin da ke damuna shi ne wanda muke zubarwa kullum a bayan gida da bola. In ka ga ƙaramar masara ganyenta ya yi shunayya-shunayya ta tsumbure to sau da yawa fosforas ta rasa.

Fara da ƙashi. Ƙasusuwan mahauta da na layya kar a bar wa karnuka, a tara su su bushe, a jera a rami ko tsohon duro da itace a ƙona har sai sun yi gautsi kana matsawa suna farfashewa, sannan a daka a turmi ya yi laushi sosai a tankaɗe. Kar ka watsa shi a sama, fosforas ba ya tafiya a cikin ƙasa, inda ka sa shi nan yake zama, don haka ɗan kaɗan a ramin shuka kusa da inda saiwa za ta same shi. A hankali yake narkewa, kar ka sa ran ganin canji a sati biyu.

Sai takin gida. Kashin kaji ya fi na shanu ƙarfi nesa ba kusa ba, ɗanye yana ƙona shuka. Haƙa rami a inuwa, ka zuba karmami ko ƙaiƙayi, ka bi da kashin dabbobi, ka yayyafa ruwa, haka bisa haka har ya cika, garin ƙashin nan ma in ka barbaɗa a ciki ya fi saurin sakin jiki. A juya duk bayan sati biyu zuwa uku, in ya yi baƙi ya daina zafi da wari ya nuna. Leda da batir da kwalba a tsince su tas. Manoman kewayen Kano sun daɗe suna kwasar shara da toka a mangala bisa jakuna zuwa gona, shi ya sa ake noma ƙasar duk shekara ba hutu.

Na ukun na san wasu za su yamutsa fuska, fitsari. Mafi yawan naitrojin, wato abincin shuka da ke cikin yuriya, da kusan rabin fosforas da jikin mutum ke fitarwa ta nan suke fita, a yankin Maraɗi manoma sun gwada shi a gero, takin ruwa suke ce masa. A tara a jarka a rufe gam don kar ƙarfinsa ya tsere, a ajiye wata ɗaya in na gida ne, in na mutane da yawa ne wata shida, kuma kar ya haɗu da bayan gida ko kaɗan. Fitsari kashi ɗaya a ruwa kashi uku zuwa biyar, ka tona gefen shuka ka zuba ka rufe da ƙasa, banda kan ganye. Najasa ce kam, a ware masa jarka da tufafin aiki, a wanke hannu da sabulu, a daina zubawa wata guda kafin girbi.

Toka kuwa daban za ka zuba ta, in ta haɗu da fitsari ko ɗanyen kashin kaji naitrojin ɗin bin iska yake.