Gyara Kurakuran Umarnin reg a Fayil ɗin .bat

Kafin ka taɓa rajistar Windows (ma'ajiyar saitunan Windows) da umarnin reg a fayil ɗin .bat (fayil mai jerin umarni), adana kwafin maɓallin, wato sashen rajistar da za ka gyara, da reg export, domin gyaran ba ya komawa da kansa. Idan kwamfuta ta ce "Access is denied", galibi kana ƙoƙarin rubutu ne a HKLM (sashen rajista na saitunan na'urar gaba ɗaya) ba tare da izinin mai kula da na'ura ba, sai ka sake buɗe fayil ɗin da wannan izini.

Kuskuren rubutun umarni shi ne ya fi wahalarwa. Duk sunan da ke da fili a tsakiya, a sa shi cikin alamun zance, kuma a rubuta %% maimakon %, in ba haka ba cmd (manhajar da ke gudanar da fayil ɗin) zai haɗiye alamar. Idan aikin ya tsaya yana jiran amsa, galibi an manta /f ne (ko /y a reg export), wato alamar da ke sa reg ya yi aiki ba tare da neman tabbaci ba. Duba errorlevel (lambar sakamakon umarnin): 0 nasara, 1 gazawa.