Yadda za ka yi hulɗa da leza ba tare da ka cuci idonka ba

Wannan 'yar fitilar mai ɗigon kore ko ja da yara ke saye lokacin Sallah suna haska mutane a layi, leza ce fa, ba tocila ba. Hasken tocila bajewa yake yi, na leza kuwa launi ɗaya ne kuma a dunƙule yake tafiya, shi ya sa ɗigon ke kaiwa can ƙarshen unguwa bai watse ba. Theodore Maiman ne ya fara haɗa ta a Amurka a 1960, yanzu ga ta a firinta, ga ta a na'urar da kashiya ke haska kaya a shago, har wayar gilashin da ke ɗauko intanet.

Toh kafin ka saya, juya ta ka duba 'yar takardar da ke manne a jiki. Aji 1 zuwa 4 ake rubutawa, na 4 har ƙona fata yake. Ta nuni irin wadda yara ke saye kada ƙarfinta ya wuce 5mW, wato miliwat biyar, amma masu arahar nan sau da yawa ƙarfinsu ya fi abin da aka rubuta, don haka ni dai ban ga dalilin miƙa wa yaro ba sam. Kar a haska ido, kar a haska madubi ko tayil mai sheƙi don dawowa yake, kar a haska direba ko ɗan acaɓa, mutanen Mando a Kaduna kuma, da ke kusa da filin jirgi, don Allah ban da jirgin sama.

A asibiti kuwa alheri ce, ana fasa tsakuwar ƙoda da ita, ana rage hawan jinin ido, ana ƙona jijiyoyin bayan ido da ciwon suga ya lalata. Mu a Kaduna ga Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa kusa, mai suga ya riƙa zuwa duba ido ko sau ɗaya a shekara tun bai fara gani dishi-dishi ba, domin leza tsayar da ɓarna take yi, ba kasafai take dawo da ganin da ya tafi ba. Ranar aikin ana ɗiga maganin da ke buɗe ƙwayar ido, gani zai yi hazo na wasu awanni, to ka tafi da baƙin tabarau da wanda zai maido ka gida, kar ka ce za ka tuƙa mashin.

'Yan uwa mata masu zuwa cire gashi ko tabo, baƙar fata na zuƙar hasken sosai har ta ƙone. Ki tambaya ko Nd:YAG ce na'urar, wato irin lezar da ta fi dacewa da baƙar fata, kuma a fara gwadawa a ɗan wuri kaɗan tukuna.