Safa biyu, kafin ƙafa ta yi bororo

'Yan uwa masu shirin doguwar tafiyar ibada a ƙasa, ku riƙa sa safa biyu: siririya mai santsi a ciki, mai kauri a waje.

Abin da ke kawo bororo shi ne gogar fata da takalmi, ga zafi ga gumi. Idan safa biyu ce, su ne za su riƙa gogar juna, fatarka ta huta. Ta cikin kada ta zama ta auduga, don auduga tana riƙe gumi, fata ta jiƙe ta yi laushi.

Da ka ji wani wuri ya fara zafi, a diddige ko ɗan yatsa, tsaya nan take. Cire takalmi, share ƙafar, manna filasta. Kada ka ce sai an kai zango. Tafiya irin ta Najaf zuwa Karbala a ƙasar Iraƙi, wajen kilomita 80, ƙaramin bororo ya isa ya zaunar da kai.

Amma fa dabarar ba ta aiki idan takalmin ya matse ka, domin ƙafa tana kumbura a hanya. Gwada shi da safa biyun tun a gida. Namiji mai harami kuma ba ya sa safa, sai ya nemi takalmin da ƙafarsa ta riga ta saba da shi.