Yadda Za Ki Kare Ƙashinki Bayan Ɗaukewar Al'ada

Ƙashi ba ya zama wuri ɗaya. Kullum akwai ƙwayoyin halitta masu kankare tsohon ƙashi, da wasu masu cike gurbin da sabo, kamar magina masu yaɓen katanga. Masu kankarar daga ɓargo suke fitowa, dangi ɗaya ne da wasu ƙwayoyin garkuwar jiki, don haka suna jin kiran garkuwar. Muddin mace tana al'ada, sinadarin istirojin da jikinta ke samarwa na taka wa masu kankarar burki. Da ya ragu, ƙwayoyin garkuwa da ake kira T sai su yawaita sakin sinadaran kumburi irin su TNF da IL-17, a ƙara samar da wani furotin mai suna RANKL, wanda shi ne ke ba masu kankara umarnin aiki. Abokin hamayyarsa, OPG, kuma ya ja baya. A shekarar 1997 aka gano waɗannan biyun. Zaizayar ƙashi ta fi sauri a shekarun farko bayan ɗaukewar al'ada, kuma ba ta ciwo sai an karye. Ga abin yi.

Mataki na farko: ki san matsayinki. Al'adarki ta ɗauke kafin shekara 45? Mahaifiyarki ta taɓa karyewa a kwatangwalo? Kin taɓa karya wuyan hannu don ɗan zamewa a tsakar gida? Tsawonki ya ragu, ko kin fara ranƙwafawa? Ko ɗaya daga ciki ya isa ki je asibiti ki nemi gwajin ƙarfin ƙashi na DXA. Maki -2.5 ko ƙasa da haka, a ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, na nufin zaizayar ta kama.

Na biyu: ki kashe wutar kumburi. Nan ake yawan sakaci. Duk ciwon da ke tayar da garkuwar jiki na dogon lokaci yana ƙara RANKL. Amosanin gaɓɓai mai kumbura yatsu da safe yana cin ƙashi, haka ciwon dasashi mai zubar da jini yana cin muƙamuƙi har haƙori ya fara girgiɗi. A nemi magani, kada a ce tsufa ne kawai. Taba ma a bar ta.

Sai batun magungunan dezametason da firedinisolon. Suna kwantar da kumburi, gaskiya ne, amma suna hana ƙwayoyin gina ƙashi aiki. Masu sayensu a kemis don ciwon gwiwa, ko don a yi ƙiba, ƙashinsu ne ke biyan kuɗin. In kin daɗe kina sha, kada ki yanke rana ɗaya. Likita ne zai rage miki a hankali.

Na uku: abinci da rana. Mace da ta haura 50 na buƙatar kimanin miligiram 1,200 na kalsiyam a rana. Nono, kindirmo, miyar kuka, zogale, riɗi da ƙananan kifi da ake ci da ƙayarsu duk suna da shi. Bitamin D kuwa fata ce ke haɗa shi idan rana ta taɓa ta, don haka ki riƙa ɗan zama a tsakar gida da hantsi.

Na huɗu: ki taka ƙasa. Tafiya da sauri, hawa bene, tashi daga kujera ba tare da dafawa ba. A kuma gyara santsin banɗaki.

Na biyar: magani in an rubuta. Alendironet sau ɗaya a mako ake sha, da safe kafin karin kumallo, da cikakken kofin ruwa, kuma ba a kwanciya sai bayan minti 30. Akwai allurar denosumab, wadda aka amince da ita a 2010, tana toshe RANKL kai tsaye, ana yin ta duk wata 6. Sharaɗinta ɗaya: ba a tsallake lokacinta, don in aka daina babu wani magani a madadinta, zaizayar na dawowa da ƙarfi har ƙashin baya ya iya karyewa.